Wuƙar agogo: yadda majalisar Birtaniya ke yanka muhawara kan dokar bashi

Masu bin ƙwallon Ingila za su tuna taƙaddamar da ta ɓarke a watan Yulin 2013 tsakanin Papiss Cissé, ɗan wasan gaba daga Senegal, da ƙungiyarsa ta Newcastle. Sabuwar rigar ƙungiyar tana ɗauke da sunan Wonga a ƙirji, kamfanin da ke ba da bashi da ruwa, shi kuwa Cissé ya turje bisa dalilin addini. An kai ruwa rana kafin a sasanta ya saka rigar.

A cikin watan nan dai, ranar Juma'a 12 ga wata, maganar irin waɗannan kamfanoni ce ta cika zauren Majalisar Wakilai a Landan. Paul Blomfield, ɗan majalisa mai wakiltar tsakiyar birnin Sheffield, ya kawo ƙudirin dokar da zai saka wa masu ba da bashi mai tsadar ruwa linzami. Sa'a ma ya taka. Ta hanyar canki-canka ake fitar da sunayen 'yan majalisa 20 da za su gabatar da ƙudiri na ƙashin kansu a kowane zango, kuma nasa ne ya fito na biyu. Aka yi ta magana, wannan ya tashi wancan ya zauna. Da agogo ya buga 2:30 na rana, lokacin da ƙa'ida ta yanka wa zaman Juma'a, sai aka ɗage muhawarar ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Ba wanda ya kayar da ƙudirin. Ba ɗan majalisar da za a nuna da yatsa a mazaɓarsa a ce ga wanda ya tsaya wa masu cin riba. Lokaci ne ya ƙare, shi ke nan.

Mukan ɗauka majalisa wurin ƙidayar kawuna ce, mai rinjaye ya yi doka. Amma kafin a kai ga ƙidaya akwai mai riƙe da agogo, kuma a Birtaniya gwamnati ce ke riƙe da shi. Labarin dokar bashin talaka a ƙasar nan ya nuna ƙarfin agogon fiye da kusan kowane labari da na sani.

Mu fara da bashin kansa. Turawa suna kiransa bashin ranar albashi: ka karɓi ɗan abin da zai kai ka ƙarshen wata, idan albashi ya shigo a cire har da ruwa. A shekarar 2012 kaɗai, mutum wajen miliyan 1.8 ne suka ci irin wannan bashi a Birtaniya, rance fiye da miliyan 10, kuɗin ya kai fam biliyan 2.8. A 2013 Wonga yana cajin kimanin kashi 1 cikin ɗari a kowace rana, ban da kuɗin aikawa. Idan aka lissafa shi a ma'aunin shekara, kamar yadda doka ta tilasta a rubuta a talla, sai ya ba da kashi 5,853 cikin ɗari. Kamfanin yakan ce wannan lissafi zalunci ne, tunda ba wanda ke riƙe bashin shekara guda. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai ribar ba a wurin mai biya kan lokaci take ba. Tana wurin wanda ya gaza, aka sabunta masa bashin, aka ɗora tara, aka riƙa laluben asusunsa na banki dare da rana ana kwashe duk abin da ya faɗo. Duk wanda ya ga aikin manhajojin bashi na waya a Najeriya ya san hoton. Ni kaina na taɓa samun saƙo da tsakar dare daga lambar da ban sani ba, ana shaida mini cewa wani tsohon abokin aikina ɓarawo ne, in ja masa kunne. Da na bincika, naira dubu goma sha biyar ce ya ara ya makara kwana huɗu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane hanji ake zazzagewa a bainar jama'a ba.

To, me ya hana majalisa magance abin da wuri? Sai mun koma baya kaɗan.

Da can majalisar Birtaniya ba ta da ƙa'idar tsayar da mai magana. Muddin kana kan batu, sai ka gaji don kanka. 'Yan majalisa daga Ayilan, ƙarƙashin Charles Stewart Parnell, su suka gano cewa wannan makami ne. A 1881 gwamnatin Firaminista Gladstone ta kawo dokar da za ta ba ta ikon tsare mutane a Ayilan ba tare da shari'a ba. Sai suka shiga magana ta karɓa-karɓa. Zaman da aka fara ranar Litinin 31 ga Janairu bai tashi ba sai safiyar Laraba, sama da awa 41. Kakakin majalisa, Henry Brand, ya miƙe ya katse muhawarar da ikon kansa, alhali babu ƙa'idar da ta ba shi wannan dama a rubuce. Shekara ta zagayo aka rubuta ƙa'idar rufe muhawara. A 1887 kuma, kan wata dokar Ayilan ɗin dai, aka ƙirƙiro abin da ya fi wannan kaifi: a yanka rana da sa'a tun kafin lokaci, idan ta cika a kaɗa ƙuri'a kan duk abin da ya rage, an tattauna ko ba a tattauna ba. Suka raɗa masa suna gilotin, wato na'urar fille kai ta zamanin juyin juya halin Faransa. Da a ƙasar Hausa ne da takobin hauni za a ce.

Fiye da shekara ɗari ana ɗaukar gilotin a matsayin abin kunya, makamin da ake zarowa idan tura ta kai bango. Sai an yi muhawarar da za ta iya kai awa uku kafin a amince da shi, 'yan adawa su yi ta kururuwar an murƙushe dimokuraɗiyya. Michael Foot, minista a gwamnatin jam'iyyar Leba, wanda ya yi suna wajen kare martabar majalisa, shi ne a 1976 ya saka wa ƙudiri biyar gilotin a rana ɗaya. Kowace jam'iyya tana la'antarsa idan tana adawa, ta wasa shi idan ta hau mulki.

Bayan zaɓen 1997 aka sauya salo. Aka ce maimakon a bari sai rigima ta yi tsami sannan a sare, gara a tsara wa kowane ƙudiri jadawali tun farko. Aka fara da gwaji, a 2004 abin ya shiga kundin ƙa'idojin majalisa na dindindin. Yau kusan duk wani ƙudirin gwamnati da jadawalinsa yake tafiya. Abin da a da yake takobin ranar tsanani ya zama wuƙar kicin.

Ga yadda yake aiki. Da zarar ƙudiri ya tsallake karatu na biyu, minista zai gabatar da jadawali, a kaɗa ƙuri'a a kansa nan take ba tare da muhawara ba. Jadawalin ne zai faɗi ranar da kwamiti zai gama aikinsa, da yawan lokacin da zauren majalisa zai samu idan ƙudirin ya dawo daga kwamiti, da na karatu na uku, wanda galibi awa ɗaya ce. A cikin jadawalin akan dasa wasu sa'o'i na yanka, su kansu 'yan majalisa wuƙaƙe suke ce musu: ƙarfe kaza a gama da sashe kaza zuwa kaza. Masu tsawatarwa na ɓangaren gwamnati da na adawa, waɗanda a Najeriya ake kira bulaliyar majalisa, sukan zauna a bayan fage su yi ciniki a kan wannan rabo. Amma cinikin mai abu ne da mai roƙo. Ƙa'idar majalisa ta ce aikin gwamnati ne ke kan gaba a kowane zama, in ban da kwana 20 na 'yan adawa, da kwana 35 na 'yan kujerun baya (wato 'yan majalisar da ba su riƙe da muƙami a gwamnati ko a shugabancin adawa), da Juma'a 13 na ƙudirorin ɗaiɗaikun 'yan majalisa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da ƙudiri ya dawo daga kwamiti. Wannan ce kaɗai damar da ɗan majalisar da ba ya cikin kwamitin yake da ita ta kawo gyara. A ce an ware wa ƙudiri awa biyar. Kakaki ya zaɓi gyare-gyaren da za a saurara, ya kasa su rukuni-rukuni, a ce huɗu. Tun kafin a fara, idan ba a killace lokacin ba, wata sanarwar minista ko tambayar gaggawa ta cinye awa guda. Aka shiga rukunin farko: minista ya yi bayani, takwaransa na adawa ya mayar, manyan 'yan majalisa suka tofa albarkacin bakinsu. Kowace ƙuri'a aka kira, ƙararrawa ta kaɗa, mutane su fito daga ofisoshi su bi ta zaurukan ƙidaya, minti goma sha biyar ta tafi. Kakaki ya fara rage wa masu magana lokaci, daga minti takwas zuwa biyar zuwa uku. Ɗan majalisar da ya kwana yana haɗa wasiƙun mutanen mazaɓarsa da bashi ya durƙusar, yana zaune da takardunsa a cinya, gyaransa na rukuni na huɗu. Wuƙa ta faɗo ana tsakiyar rukuni na biyu. A nan ƙa'ida ta fayyace abin da za a kaɗa wa ƙuri'a: batun da ake kai, da duk gyaran da minista ya kawo, wanda ana iya tattara shi a tambaya ɗaya, sai kuma wanda kakaki ya ga dama ya ware. Sauran sun bi ruwa. Gyaran gwamnati yakan shiga doka ko da ba a furta kalma ɗaya a kansa ba. Na ɗan kujerar baya yakan mutu ta wannan hanyar dai.

Wannan tsari yana cizon kowace doka, amma ya fi cizon dokar bashi, saboda dalili biyu da nake gani.

Na farko, maganar bashin talaka ba kasafai take zuwa da ƙafarta ba. A 1974 an yi mata doka sukutum, bayan rahoton kwamitin Crowther na 1971, aka sake yi mata garambawul a 2006. Dukkan biyun ma sai da agogo ya taɓa su, don zaɓen Fabrairun 1974 da na 2005 kowanne ya kashe ƙudirin ana tsakiyar aiki, sai da aka sake gabatar da shi. In ban da irin waɗannan, maganar takan zo ne a goye a bayan wani ƙaton ƙudiri na harkar bankuna. Idan ana batun ikon Babban Bankin Ingila da yadda za a hana manyan bankuna sake durƙushewa irin ta 2008, wa zai ba matar da ta ari fam ɗari biyu don biyan kuɗin wuta kujerar gaba? Rukuninta ne na ƙarshe.

Na biyu, dokar bashi a cikin ƙananan kalmomi take rayuwa. Ka ƙayyade kuɗin ruwa ka manta da kuɗin takarda, mai ba da bashi ya rage ruwan ya ninka kuɗin takardar. Ka ƙayyade duka biyun ka manta da tarar makara, can zai koma. Dokar 1974 ta ba kotu ikon warware yarjejeniyar bashin da ta kai matsayin ƙwace. Kalma ɗaya ce, amma ta ɗaga katangar sosai, har cikin shekara talatin ƙararrakin da suka yi nasara ba su taka kara sun karya ba. Sai a 2006 aka maye gurbinta da ma'aunin rashin adalci a mu'amala tsakanin mai bashi da wanda ake bi. Irin wannan kuskure ba a gano shi a jawabin minti uku. Sai an zauna an bi layi-layi, ana tambayar minista me wannan kalma ke nufi, idan kamfani ya yi kaza fa. Wannan zaman shi ne ainihin abin da wuƙa ke yankewa.

Stella Creasy, 'yar majalisa daga Walthamstow a gabashin Landan, ita ta riƙe wa wannan magana wuta tun daga 2010. Ta bi duk ƙofar da ƙa'ida ta bar wa ɗan kujerar baya: ƙudirin minti goma, muhawarar 'yan baya, tambayoyi. Duka ƙofofi ne na jin murya, ba na yin doka ba. A 2012 ta samu ƙudirin da za ta rataya gyaranta, wanda zai kafa sabuwar hukumar kula da harkar kuɗi ta FCA. Ta nemi a ba hukumar ikon ƙayyade tsadar bashi. Gyaran ya samu ƙuri'a, amma rinjayen gwamnatin haɗaka ya kayar da shi. Hujjar gwamnati ita ce ƙayyadewa za ta tura talaka hannun masu ba da bashi na bayan fage, waɗanda ba kotu suke kai mutum ba, gida suke zuwa. Ta kuma ce tana jiran binciken da ta ba Jami'ar Bristol. Hujjar farko ba ta banza ba ce, kuma zan dawo kanta.

Sai ƙudirin ya haura Majalisar Dattawa. Sunan kawai muke ara, don ba irin ta Abuja ba ce: jama'a ba su zaɓi ko mutum ɗaya a cikinta ba. A lokacin, naɗaɗɗu ne a ciki, da 'yan gado, da manyan limaman cocin Ingila 26. Amma tana da abin da zaɓaɓɓiyar majalisar ta rasa. Ba jadawali, ba wuƙa, ba kakakin da zai zaɓi gyara ya bar wani. Duk gyaran da aka rubuta, mai shi yana da damar ya tashi ya kare shi, minista kuma dole ya amsa. A watan Nuwamban 2012 Lord Mitchell na jam'iyyar Leba ya kawo kusan irin gyaran da aka kayar a ƙasa. Cikin masu mara masa baya har da Justin Welby, bishop na Durham, tsohon ma'aikacin kamfanin mai, wanda makonni kaɗan kafin nan aka sanar zai zama shugaban cocin Ingila. Gwamnati ta ƙirga kawuna, ta ga alamar kaye, ta sauko ta yi alkawarin kawo nata gyaran. Dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2012 ta ba FCA ikon.

Kada in yi wa mai karatu ƙwange: ba rashin agogo kaɗai ya jawo wannan ba. Gwamnati ba ta da tabbataccen rinjaye a majalisar ta sama, saboda tarin 'yan ba-ruwanmu da ba sa bin bulalar kowa. Amma abubuwan biyu a haɗe suke. Wanda ba shi da rinjaye ba ya iya ƙaƙaba jadawali, wanda kuma ba ya iya ƙaƙaba jadawali dole ya zauna ya saurara.

Iko dai an bayar, amma iko ba tilas ba ne, kuma gwamnati ba ta nuna tana son a yi amfani da shi ba. Shekarar 2013 ta zo da zafi. Hukumar kula da cinikayya ta lokacin ta binciki manyan kamfanoni 50 ta ba su mako 12 su gyara halinsu. Welby ya fito ya ce coci zai tallafa wa ƙungiyoyin adashe da lamuni na unguwa har su kori Wonga daga kasuwa, sai kuma aka gano cewa kuɗin cocin kansa, ta wata doguwar hanya, suna cikin jarin Wonga. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma ya fito ya amsa cewa ya ji kunya. A tsakiyar wannan shekara mai zafi ne ƙudirin Blomfield ya ƙare da ƙarfe 2:30 na waccan Juma'a. Da zai tsira da sai ya nemi a rufe muhawara, wanda ke buƙatar yardar kujerar kakaki da aƙalla 'yan majalisa 100 masu goyon baya. Tara mutum ɗari ranar Juma'a, ranar da kowa ya tafi mazaɓarsa ganin jama'a, ba ƙaramin aiki ba ne. Kun ga yadda ƙa'idar ta juye: ƙudirin gwamnati agogo ne ke kai shi gaci, na ɗan majalisa agogo ne ke binne shi.

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan nan, ranar 25 ga Nuwamba, ministan kuɗi George Osborne ya wayi gari ya sanar cewa gwamnati za ta tilasta wa FCA ƙayyade tsadar bashin. Kiɗa ya canza, rawa ta canza. Ina za a saka wannan sabon sashe? A cikin ƙudirin gyaran bankuna, wanda ya riga ya bar Majalisar Wakilai tun watan Yuli, yana dab da kammala zagayensa a Majalisar Dattawa. Nan aka cusa shi a matakin ƙarshe. Da ya sauko wurin zaɓaɓɓun wakilai, a matsayin ɗaya daga cikin tarin gyare-gyaren dattawa ya zo, a gama da su cikin ƙayyadadden lokaci tare da batutuwan manyan bankuna. Ba kwamiti, ba sauraron shaidu, ba bin layi-layi. Ranar 18 ga Disamban 2013 ya zama doka. Daga sanarwa zuwa sa hannu, kwana 23. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga shi an fafe. Agogon da aka yi shekara uku ana jan ƙafa da shi, shi ne aka yi gudu da shi da ra'ayin gwamnati ya juya.

Sakamakon ya yi daɗi, ba na musu. Amma a duba abin da majalisa ta zartar. Ba ta faɗi adadi ba. Cewa kawai ta yi FCA ta fitar da ƙa'ida kafin 2 ga Janairun 2015. Hukumar ta karɓi ragamar harkar bashi a Afrilun 2014, ta shafe watanni tana bin littattafan kamfanonin, sannan ta yanke: ruwa da caji kada su wuce kashi 0.8 cikin ɗari a rana, tarar makara kada ta wuce fam 15, kuma komai daɗewa kada mutum ya biya fiye da ninkin abin da ya ara. Wato ka ari fam 100 na kwana 30, ka biya kan lokaci, ƙarin ba zai haura fam 24 ba. Ko da ka gaza, ba za a taɓa bin ka fiye da fam 200 ba. Katanga uku ce, don an toshe ramukan da na ambata ɗazu. A gaskiya hukumar ta yi aikin da zauren majalisa ba zai iya yi ba ko da an ba shi wata guda.

Sai dai akwai abin da ba lissafi ba ne a ciki. FCA da kanta ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 70,000 za su daina samun bashin gaba ɗaya, don kamfanoni ba za su ga riba a ba su ba. Ina za su nufa idan tukunyar gas ta lalace a tsakiyar hunturu? Wannan ita ce hujjar da gwamnati ta riƙe a 2012, kuma tambaya ce ta siyasa tsantsa: a kare mutum daga bashi mai cutarwa ko da hakan na nufin a rufe masa ƙofa, ko a bar shi da zaɓinsa. Irin tambayar da aka zaɓi wakilai don su yi gardama a kanta ke nan, su ɗauki alhakin amsar. A ofishin hukuma aka amsa ta. Wonga kuwa, wanda tun a 2014 aka sa ya biya diyyar fam miliyan 2.6 saboda aika wa mutane wasiƙun barazana da sunan lauyoyin da babu su, ya durƙushe a Agustan 2018. Waɗanda aka tabbatar ya cuta sun samu kwabo 4.3 a kan kowane fam da suke bi.

Wani zai ce, to a cire wuƙar mana. Ban yarda ba. Kafin zuwan jadawali, abin da ake yi shi ne 'yan adawa su shafe makonni a kan sashe na ɗaya da na biyu da gangan, har gwamnati ta ƙosa ta saki gilotin, sauran sassa tamanin su wuce ba wanda ya leƙa su. Majalisar Dattawa ma ba waliyyiya ba ce. Daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 ta shafe kwana 17 a matakin kwamiti kan dokar sake shata mazaɓu, har da zaman kwana, tsofaffi suna barci a gadajen wucin gadi, ba don neman gyara ba sai don a ɓata wa gwamnati lokaci. Majalisar da ba ta iya kai magana ƙarshe ba ta da amfani ga mai bin bashi ko wanda ake bi. Matsalar a ganina ba yankan ba ne. Mai yankan ne. Wanda ya rubuta ƙudiri, shi ke faɗin tsawon lokacin da za a bincike shi, shi ke tsara abin da zai zo farko da abin da zai zo bayan wuƙa ta faɗo.

Su ma sun san da haka. A 2009, bayan badaƙalar kuɗin alawus ta zubar wa majalisa mutunci, kwamitin da Tony Wright ya jagoranta ya ba da shawara biyu kan lokaci. Ɗaya, a ba 'yan kujerun baya kwamitin da zai tsara nasu ranakun, aka yi hakan a 2010. Ɗayar, a kafa kwamitin majalisa da zai riƙa tsara lokacin aikin gwamnati kansa, a kawo jadawalin zaure a amince da shi. Gwamnatin haɗaka ta rubuta a yarjejeniyarta cewa za ta kafa shi kafin shekararta ta uku ta ƙare. Har ta sauka ba ta kafa ba, waɗanda suka biyo ta ma haka. A Faransa, wadda tsarinta ya fi kusa da abin da mutanen Nijar suka sani, wata dabara aka ɗauko a 2009: a yanka jimillar sa'o'i, a raba wa rukunonin jam'iyyu, kowa ya kashe rabonsa a sashen da ya ga dama. Rabonka ya ƙare, gyaranka a kaɗa masa ƙuri'a ba tare da ka ce uffan ba. Ita ma wuƙa ce, amma aƙalla ɗan adawa ne ke zaɓen inda zai zuba ƙarfinsa.

Kasuwar bashi kuwa ba ta jiran jadawalin kowa. Kafin ƙurar Wonga ta lafa, wani salo ya bunƙasa, na ɗauki kaya yanzu ka biya kashi-kashi daga baya, irin na kamfanin Klarna, wanda ya ratsa ta wata kafa a dokar bashi saboda ba ya cajin ruwa. A Janairun 2021 Creasy ta sake rataya gyara a wani ƙudirin harkar kuɗi, aka sake kayar da shi. Makonni kaɗan bayan nan rahoton binciken Woolard na hukumar FCA ya fito ya ce a gaggauta saka wa harkar ido, gwamnati ta ce ta amince. Watan Yulin 2026 aka tsayar don fara aiki da ƙa'idojin, shekara biyar da rabi ke nan. A Najeriya ma, abin lura, ba daga zauren majalisa linzamin manhajojin bashi ya fito ba, daga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ya fito, wadda ta fara tilasta musu rajista a 2022.

Hanyar da aka bi da wannan sabon salon bashi a Birtaniya ba ta sabon ƙudiri mai karatu uku ba ce. Ƙaramar doka ce, irin wadda minista ke rubutawa da ikon da wata babbar doka ta ba shi. Irin waɗannan galibi ba sa ganin babban zaure sai don a amince. Ana kai su wani ɗaki a saman bene, 'yan majalisa goma sha wani abu su zauna a gefe biyu, mafi yawansu bulala ce ta turo su cike gurbi, wasu na duba waya, wasu na sa hannu a wasiƙun mazaɓa. Lokacin da ƙa'ida ta ba su minti 90 ne, sau da yawa ko rabinsa ba sa cinyewa. Ba su da ikon sauya ko waƙafi ɗaya a takardar, sai dai majalisa ta karɓe ta duka ko ta ƙi ta duka. Rabon da Majalisar Wakilai ta ƙi irin wannan takarda tun 1979.